Ciwon Ciki a Kajin Gida: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

Gabatarwa

Da wuya ka shiga gida a ƙauyukan ƙasar Hausa, kai har ma a unguwannin birni, ba ka tarar da akurki a bayan ɗaki ba. Kaza ita ce asusun mata da yara. Ita ake kamawa idan baƙo ya sauka, ita ake kaiwa kasuwa idan bukatar kuɗin littafi ko na magani ta taso. Saboda haka mutuwar kaji goma a gida ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Daga cikin abubuwan da ke jawo wannan asara akwai cututtukan da ke taɓa ciki da hanji, waɗanda kusan dukkansu da zawo suke bayyana.

Abin da jama'a suka saba yi shi ne, da zarar an ga kaza tana zawo, sai a ɓare kafso irin na mutane a zuba mata a ruwa. Wata rana a dace, amma sau da yawa a yi asarar kuɗi da kaza gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne zawo alama ce kurum. Abubuwan da ke haddasa shi suna da yawa, kowanne da nasa magani, wasu ma ba su da magani sai rigakafi. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya koyi bincike kafin magani.

Hanyar da Abinci Ke Bi

Kaza ba ta da haƙora. Ƙwayar hatsin da ta tsattsaga takan gangara ta maƙogwaro zuwa wata jaka da ke gindin wuya, daga ɓangaren dama, inda abinci ke jiƙa ya yi laushi. Za mu kira ta jakar wuya. Daga nan sai ya wuce ƙaramin tumbi, wanda ke zuba masa ruwan narkarwa mai tsami, sa'an nan ya faɗa ƙundu. Ƙundu shi ne dutsen niƙan kaza: tsoka ce mai ƙarfi da ke murje hatsi da taimakon 'yan tsakuwoyin da kaza ke haɗiya. Niƙaƙƙen abinci yakan shiga hanji, inda jiki ke tsotse amfaninsa. Kusa da ƙarshen hanjin akwai wasu rassa biyu masu toshe kai, waɗanda za mu kira makafin hanji. Abin da ya rage sai ya fita ta dubura. Duk wannan tafiya cikin 'yan sa'o'i take ƙarewa, shi ya sa duk abin da ya taɓa cikin kaza ba ya daɗewa bai bayyana a kashinta ba.

Kashin Lafiyayyar Kaza

Wanda bai san lafiya ba, ba zai gane ciwo ba. Kashin lafiyayyar kaza yana da ɗan tauri, launinsa toka-toka ko ƙasa-ƙasa, da ɗan fari a samansa. Wannan farin shi ne fitsarinta, domin tsuntsaye ba sa yin fitsari dabam. Haka kuma, jefi-jefi a cikin yini, kaza takan yi wani kashi mai danƙo da wari, mai kama da ruwan maɗi. Daga makafin hanji yake fitowa, kuma ba ciwo ba ne. Bugu da ƙari, a lokacin bazara kaji kan sha ruwa da yawa don rage zafi, sai kashinsu ya yi ruwa-ruwa alhali suna cin abinci suna kai-kawo. Inuwa da ruwan sanyi suke bukata a nan.

Tambayoyi Huɗu Kafin Magani

Na farko, kaza nawa abin ya kama, kuma cikin kwana nawa? Kaza ɗaya mai ciwo dabam take da garken da ke zubewa cikin kwana biyu. Na biyu, mene ne shekarunsu: 'yan tsaki ne, ko matasa, ko manya? Na uku, yaya launin kashin yake? Na huɗu, me hannu ya ji? A ɗauki kazar da sassafe kafin ta ci komi, a shafa jakar wuya, wadda ya kamata a ce ta kwana ta zazzage. A shafa ƙashin ƙirji. Idan ya fito tsini kamar wuƙa, ciwon ya daɗe yana cinta. A duba zankonta ko ya koɗe, a saurari numfashinta. Amsoshin nan su ne za su nuna wace cuta ake zargi daga cikin waɗannan da ke tafe.

Zawon Jini

Idan 'yan kaji masu mako 3 zuwa 6 suka takure, suka saki fukafukai, ana kuma ganin jini a kashinsu, musamman da damina, to abin zargi shi ne cutar koksidiyosis. Wata mitsitsiyar halitta ce mai suna Aimeriya ke kawo ta. A shekarar 1929 masanin nan na Jami'ar Harvard ta Amurka, Ernest Tyzzer, ya nuna cewa ba iri ɗaya ba ce, iri-iri ce, kowane iri da sashen hanjin da yake ɓarna. Wanda ke kama makafin hanji shi ne ya fi zubar da jini. Ƙwanta yana fita cikin kashi, kuma sai ya sami danshi da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu kafin ya iya harbin wata kaza. Ka ga ke nan jiƙaƙƙen akurki gonarta ce. Ana maganinta da amfuroliyam a ruwan sha, kwana 5 zuwa 7, ga dukkan garken. Wannan magani yana aiki ne ta hana cutar samun bitamin B1, don haka ba a haɗa shi da garin bitamin sai bayan an gama.

Tsutsar Ciki

Kazar da ke ci amma tana ramewa, ƙwanta ya ragu, zankonta ya koɗe, zawonta yana zuwa yana tafiya, a zargi tsutsa. Macijin cikin kaji yakan kai tsawon santimita 12, kuma idan ya yi yawa yana iya toshe hanji. Tsila kuwa, kaza tana samunta ne ta hanyar cin tururuwa da ƙwari da ƙudaje masu ɗauke da 'ya'yanta. Maganin fiferazin yana shanye jikin babban macijin ciki ya faɗo, amma ba ya taɓa tsila, ba ya kuma kashe ƙananan da ba su balaga ba, shi ya sa ake maimaita shi. Fenbendazol ya fi shi faɗin aiki. A nan ma sanin irin tsutsar shi ke zaɓen magani.

Farin Kashi da Taifot ɗin Kaji

'Yan tsakin da ba su kai mako 3 ba, idan farin kashi ya liƙe musu a dubura suna ta mutuwa, ana zargin bakteriyar Salmonela, wadda kan bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Wata 'yar'uwarta tana kama manyan kaji da zawo ruwan ɗorawa, da ƙishirwa, da kumburin hanta. Ita ce taifot ɗin kaji. Maganin kashe bakteriya da likitan dabbobi ya rubuta yana rage mace-mace, amma kazar da ta tashi takan ci gaba da ɗauke da cutar. Saboda haka ba a barin irin wannan kaza ta kwanta a kan ƙwai. Akwai kuma cutar Gumboro, mai kama 'yan mako 3 zuwa 6 da farin zawo mai ruwa. Ita bairas ce ke kawo ta, kafso ba ya jin ta, sai rigakafi.

Koren Zawo da Annoba

Idan da hunturu kaji manya da ƙanana suka soma koren zawo, suna shaƙewa, wuyan wasu yana murɗewa, kuma suna mutuwa da yawa cikin 'yan kwanaki, to wannan ta wuce ciwon ciki, annobar Niyukasil ce. An soma ganinta a 1926 a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya da kuma kusa da garin Niyukasil na Ingila, inda ta samo suna. Bairas ce, ba ta da magani. Abin da ke hana ta shi ne rigakafi. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa magungunan rigakafinta. Daga cikin ire-iren rigakafin akwai I-2, wanda aka samo a Ostireliya, mai jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata 3 ko 4.

A lura cewa murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006, tana kama da wannan annoba ƙwarai, kuma tana iya kama mutum. Don haka idan kaji suna zubewa farat ɗaya, kada a yanka, kada a sayar, kada yara su taɓa; a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.

Toshewar Jakar Wuya da Gubar Abinci

Idan an shafa jakar wuya da safe aka ji ta cike tana da tauri, ta toshe ke nan, galibi da doguwar ciyawa, ko zare, ko guntun leda. A ware kazar, a janye abinci na yini ɗaya, a bar mata ruwa, a ɗiga mata ɗan man gyaɗa a baki, a riƙa murza jakar a hankali. Kada a kifa ta don ta amayar, domin ruwan yana iya bin hanyar numfashi ya kashe ta. Idan kuwa jakar ta yi lugub, bakin yana warin tsami, to yisti ne ya yi yawa a ciki, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne yawan ba da kafso.

Dusa ko masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna yana ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta. An gano ta ne bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin garin gyaɗar da aka kawo daga Burazil. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Maganinta kawai a zubar da abincin.

Illar Magani Barkatai

Daga cikin cututtukan da muka lissafa, kafso irin su tetarasaikilin bakteriya kaɗai suke kashewa. Ba su da tasiri a kan bairas, ko tsutsa, ko guba. Yawan ba da su ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su saba da su, su daina jin magani, kuma irin waɗannan ƙwayoyi suna iya isa ga mutum. Wannan ne ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci makiyaya su daina ba lafiyayyun dabbobi irin waɗannan magunguna. Haka kuma magani yakan saura a ƙwai da nama. Kowane ƙunshi yana ɗauke da adadin kwanakin jira kafin a ci ƙwan ko a yanka kazar. Wajibi ne a kiyaye su.

Aikin Ɗakin Gwaji

Malamai na iya nuna wa ɗalibai ƙwan tsutsa da na Aimeriya cikin sauƙi. A narka gishiri a ruwa har sai ya daina narkewa. A dama rabin ƙaramin cokali na sabon kashin kaza a ciki, a tace da rariya, a cika kwalbar gwaji har baki, a ɗora siririn gilashi a kai na minti 20. Da yake ruwan gishirin ya fi ƙwan nauyi, sai ya taso ya manne a gilashin. A duba da madubin ƙara girma a kan ninki 100. Kada a yi amfani da kashin garken da ke mutuwa farat ɗaya, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Kammalawa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan a kiwon kaji ita ce jiƙaƙƙen akurki, da ƙazamin mazubin ruwa, da ruɓaɓɓen abinci, da sabuwar kazar kasuwa da aka saka cikin garke ba tare da an ware ta mako 2 ba. A share akurki a kai a kai, a ɗaga mazubin ruwa daga ƙasa, a yi rigakafi kafin hunturu, a binne mushe da zurfi. Idan kuma ciwo ya zo, a ware mara lafiya, a yi tambayoyin nan huɗu, a kai amsoshinsu ga malamin dabbobi kafin a sayi magani.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa ake ganin fari a saman kashin lafiyayyar kaza?
2. Kawo cututtuka biyu da kafso ba ya jin su, ka bayyana dalili.
3. Me ya sa zawon jini ya fi yawa da damina?