Gudu Ba Kwalliya Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai, intahaus ya kusa, kuma an fara yi wa wasu dariya a wajen atisaye. Bara har ƙawata ta janye sunanta don an ce tana gudu kamar agwagwa.

To ku ji wannan. Haile Gebrselassie na Habasha yana gudu da hannun hagu a lanƙwashe. Tun yana yaro yake gudun kilomita 10 zuwa makaranta riƙe da littattafai, har hannun ya saba. Duk da haka ya ci zinare a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1996 da ta 2000.

Paula Radcliffe ta Ingila kuwa kai take ta gyaɗawa kamar ƙadangare. A 2003 ta gama gudun yada-ƙanin-wani na Landan, kilomita 42, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25. Sai a 2019 wata mace ta karya tarihinta.

Dogon gudu juriya yake buƙata, da iya numfashi da yawan atisaye. Alƙali agogo yake dubawa, babu ruwansa da kyan tafiyarka. Ƙawata, bana ki mayar da sunanki.