Kafin Ka Biya Kuɗin Rajista a Samaru

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini ka samu gurbin digiri na biyu a sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Allah ya sanya albarka. Na yi murna, amma tun da ni baffanka ne, kuma na ci tuwo da wannan sana'a har na yi ritaya, murna kaɗai ba za ta wadatar daga wajena ba.

Tambayar farko da zan yi maka ita ce: me ya kai ka? Da yawa cikin 'yan uwanka suna komawa makaranta ne don sun gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, zaman gida kuma ya ishe su. Ban ga laifinsu ba. Sai dai wanda ya shiga don ya fake, wahalar farko ce take koro shi. A digirin farko malami ne yake kawo tambaya, amsar kuma tana cikin littafi. A nan kai ne za ka nemo tambayar, kuma babu wanda ya san amsarta, har da malamin da zai duba aikinka.

Batun lokaci kuwa, a takarda za a ce maka shekara ɗaya da rabi ko biyu. Ka sa a ranka zai iya zarcewa. Ka dai ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ci kusan wata tara, ga na 2022 da ya kama daga Fabrairu har Oktoba. Ko babu yajin aiki, akwai ranar da za ka tashi daga Ƙofar Doka da sassafe, ka ratsa Tudun Wada da Kwangila har Samaru, ka tarar an ɗauke wuta ana tsakiyar gasa samfurin ƙasarka, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Kankare kuma ba ya jin lallashi: in za ka auna ƙarfinsa sai ya cika kwana 28 a cikin ruwa, ko da gobe ne za ka kare kundinka.

Kuɗi ma ka yi lissafinsu tun yanzu. Siminti, sinadarai, kuɗin mota, buga kundi, duk daga aljihunka za su fito. Ka nemi tallafin karatu na asusun PTDF in an buɗe. Na TETFund na malaman manyan makarantu ne, don haka kada ka sa rai da shi sai in ka samu koyarwa a wani wuri irin kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne amanar lamba. Wata rana gwaji zai ba ka sakamakon da ba shi kake so ba. Ka sha wuya, kuɗi sun ƙare, abokanka sun gama, sai zuciya ta ce ka ɗan gyara lambar nan guda ɗaya, wa zai sani? Wataƙila malaminka ba zai gane ba, mai jarrabawar da za a kawo daga wata jami'a ma ya wuce bai lura ba. To amma hannun da ya saba gyara lamba a kundi, shi ne zai sa hannu a takardar gini bayan ka samu hatimin hukumar injiniyoyi ta COREN. Gadar da kake bi ta ƙarƙashinta a nan Ƙofar Doka, lambar wani ce take riƙe da ita, mu kuwa da muke wucewa ba mu taɓa ganin lissafin ba, yarda kawai muka yi. In gwaji ya ce abin da ka zata ba haka yake ba, ka rubuta hakan. Shi ma sakamako ne, kuma ya hutar da na bayanka.

Game da abin da za ka bincika, kada ka raina na gida. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka ɗaga bakunansa, kuma har yau masana gini daga Turai suna rubutu a kansa. Magina na da sun san makubar ɗorawa tana hana ruwa cin bango, amma ba su bar mana awo ba: nawa za a zuba, a wace irin ƙasa, shekara nawa za ta yi. A Samaru an daɗe ana gwada tokar ɓawon ɗorawa da ta ƙaiƙayin shinkafa wajen ƙarfafa jar ƙasar da ake shimfiɗa hanya a kanta, don a rage simintin da ake ci. Da yadda buhun siminti ya yi tsada yanzu, wanda ya kawo amsa mai inganci a nan ya yi wa talaka aiki.

Daɗin abin ma a nan yake. Ba zan yi maka alkawarin albashi mai tsoka ba, don na san masu digiri na uku da ɗan kwangila ya fi su mota. Abin da za ka samu shi ne ido. Za ka kalli bangon da ya tsage ka san ko tushe ne ya zauna ko ruwa ne ya shiga, a kira ka a wurin da ake gardama ka yi magana a yi shiru. Ƙofar koyarwa da ta digiri na uku a waje ma daga nan suke buɗewa.

Saura batun malamin da zai duba aikinka, wanda ya fi sunan sashen muhimmanci. Kafin ka biya ko sisi, ka je ka zauna da ɗaliban da suka gama a hannunsa, ka tambaye su ko yana karanta abin da aka kai masa, kuma wata nawa babi yake yi a teburinsa. Ka kuma gaida ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da girmamawa, don su suka san injin da yake aiki da wanda ya mutu. In ka dawo ranar Juma'a, ka biyo ta gida bayan an sauko, ka zo mini da sunayen malaman da batutuwa biyu ko uku da kake tunani, mu duba tare.