Darasi Daga Rayuwar Hogan Bassey

Sa'ad da nake koyon aikin malanta a Tungan Maje, wani yaro ya faɗi jarrabawa, ya ce shi da makaranta sai wata rana. Sai na ba shi labarin Hogan Bassey, mutumin Kalaba.

A 1957 ya buge Cherif Hamia a birnin Paris, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya na damben Turawa. A 1959 Davey Moore ya ƙwace kambun. Bassey bai karaya ba, ya komo gida yana koya wa samari dambe. Ya rasu a Ikko a 1998.

'Yan'uwana malamai, mu koya wa yara tashi bayan faɗuwa. Yaron nan kuwa, ran Litinin ya komo aji.