Kafin ku loda buhunan taimako

Tun 2019, da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina, dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Talakawan yankin Gidan Rumji ne suka fara tarbar su, suka buɗe musu rumbuna. Daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasu Garin Kaka da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

To 'yan'uwa, in ƙungiyarku ta haɗa kuɗi za ta kai musu gudummawa, ku dakata da sayen hatsi tukuna. Ku tura mutum biyu, namiji da mace, su gaida mai gari, su ga magajin gari, sannan su nemi ma'aikatan da ke yi wa baƙin rajista. Su tambaya: wa ke kawo abinci, wa ke kula da ruwa, wane ƙauye ne ba a taɓa leƙawa ba? Ƙauyen bakin kwalta yakan samu sau uku, na cikin lungu ko tiya guda bai gani ba.

Ita macen ta shiga wurin mata ta zauna, can ne za a faɗi gaskiya. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da aka ba gero, ba tukunya, ba itace. Sai da ta sayar da kashi guda ta biya kuɗin niƙa, ta ari tukunyar maƙwabciya. Abin ya tsaya mini a rai. Ma'aunin masu aikin agaji shi ne a ƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, da bayi ɗaya ga mutum 20. Sau da yawa gyaran famfon da ya mutu ya fi buhu hamsin amfani.

Ku sa masu masauki a lissafi. Wanda ya ƙarar da rumbunsa kan baƙo, aka tsallake shi ranar rabo, ba zai manta ba.

Kada ku yi shelar rabo a fili. Turmutsitsin Ibadan da Abuja a Disambar 2024 ya ci rayuka wurin karɓar abinci. Ku raba kati gida-gida tun ana gobe, ku fara da tsofaffi da masu juna biyu, a bar ɗaukar hoton fuskokin mutane. In kun gama, ku bar wa ma'aikatan rajistar kwafin sunayen da adadin abin da kowa ya samu, don ƙungiyar da za ta biyo bayanku ta wuce ƙauye na gaba.