Shayi: Baƙi da Kore da Fari

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga birnin Kano, ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo har ta kai Gwarzo, in da sassafe ne, ba zai rasa ganin teburin mai shayi ba. Ga tukunya bisa wuta tana tururi, ga gwangwanayen madara an jera, ga burodi an tara. Lokacin hunturu kuwa har wurin zama ya kan yi wuya a kan benci. Wani ya ce a haɗa masa mai kauri, wani kuwa ruwan bunu ya ke so, watau wanda ba madara. Amma cikinsu kaɗan ne suka taɓa ganin itacen da a ke samun ganyen nan, gama ba ya yi a ƙasar Kano.

Asalin itacen shayi daga ƙasar Sin ne. Ko sunansa ma daga can ya taso. Sinawa suna ce masa ca, Larabawa suka ce shai, Hausawa kuma suka ce shayi. Itace ne mai son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa. Don haka a Nijeriya sai a kan tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba, a ke nomansa, inda aka kafa gonarsa a Kakara cikin shekarun 1970. A Afirka kuwa ba ƙasar da ta kai Kenya nomansa.

Akwai baƙin shayi, akwai kore, akwai fari, amma duk itace ɗaya ne. Wajen gyaran ganye ne suka rabu. Kun san in an ɓare farin goro aka ajiye shi, ba a jimawa sai wurin ya yi ja, domin iska ta taɓa shi. To, haka ganyen shayi ya ke. In an tsinke shi aka murje, aka bar iska ta shige shi, sai ya rine. Baƙin shayi ke nan, irin na teburin mai shayi. In kuwa aka yi maza aka turara ganyen, ko aka gasa shi a kasko, ba zai rine ba. Koren shayi ke nan, wanda Buzaye ke dafawa a 'yar buta bisa gawayi.

Farin shayi shi ne wanda hannu bai cika taɓawa ba. Tohon ganye a ke tsinka tun bai buɗe ba, yana lulluɓe da wani farin gashi mai laushi, abin da ya sa a ke ce masa fari ke nan. Ba a murza shi, ba a gasa shi. Shanya shi kurum a ke yi har ya bushe. Lardin Fujiyan na ƙasar Sin shi ya fi shahara da shi, kuma cikin watan Maris da Afrilu a ke tsinkar mafi kyaunsa. Da hannu a ke tsinka, toho ɗaya bayan ɗaya, saboda haka yana da tsada ƙwarai. Ruwansa ba fari ba ne kamar nono, fatsi-fatsi ya ke, ɗanɗanonsa kuma ba kaifi.

Mene ne amfanin shayi ga jiki? Na farko dai, ruwansa tafasasshe ne, tafasa kuwa tana kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da amai. Inda a ke shan ruwan rijiya ko na rafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa'an nan cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna kafin, mai kore gyangyaɗi, irin wanda ke cikin goro. Akwai kuma waɗansu sinadarai masu ɗan bauri, waɗanda ke taimakon jijiyoyin jini. Farin shayi da kore sun fi riƙe su yadda su ke a ɗanyen ganye, tun da iska ba ta sāke su ba.

Kada wannan ya sa yaro ya raina na garinsu. A shekarar 2022 aka bayyana wani bincike da aka yi a kan mutanen Birtaniya kusan dubu 500, aka bi lafiyarsu wajen shekara 11. Aka tarar masu shan kofi biyu ko fiye a yini sun ɗan fi waɗanda ba su sha tsira daga mutuwa cikin waɗannan shekaru, da misalin kashi 9 zuwa 13 cikin ɗari. Baƙin shayi kuwa mutanen nan ke sha, irin wanda a ke sayarwa a Getso da Garo. Masu binciken ba su ce shayi kaɗai ya jawo haka ba. Shayi abin sha ne mai kyau, amma ko fari ko baƙi ba ya warkar da zazzaɓi. Mai zazzaɓi asibiti za a kai shi.

Abin da ya fi ɓata shayi shi ne sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ta ce ya fi kyau babban mutum kada ya wuce misalin ƙaramin cokali 6 a yini. Ku yi lissafi. In an zuba cokali uku da safe, aka ƙara uku da dare, an cika shida ke nan, ba a ko ƙidaya alewa da lemon kwalba ba. Yawan sukari shi ke cin haƙoran yara, yana kuma kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana share wa ciwon sukari hanya.

Akwai wani abu kuma da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini, yawancin mutanen karkara kuwa daga wake da gero da ganyaye irin su zogale da alayyafo su ke samunsa. Baurin nan na shayi ya kan kama ƙarfen a cikin ciki, ya hana jiki ɗaukarsa. Yaron da kullum ya ke kora ƙosai da shayi, rabin ƙarfen da zai samu daga waken ko fiye yana iya wuce shi. Ƙarancin jini kuwa shi ke sa yaro kasala, ya zauna cikin aji ya kasa riƙe karatu. Dabarar ba ta da wuya: a ci abinci tukuna, a dakata kamar sa'a guda, kana a sha. Jariri dai ba a ba shi shayi ko kaɗan, nonon uwa ya ishe shi har wata shida. Yaro kuma kada ya sha mai ƙarfi da dare, don kada barci ya ƙaurace masa.

Kada a sha shi da zafi ƙwarai, gama yana ƙona maƙogwaro, in abin ya daɗe kuma ya kan yi lahani. Ashe juye-juyen nan da mai shayi ke yi daga wannan kofi zuwa wancan, yana ɗaga hannu sama, ba don burga kaɗai ba ne.

Ga wani gwaji da za ku yi a gida. Ku zuba ruwan bunu cikin kofin gilashi biyu, ku matsa lemon tsami cikin ɗaya, ku ajiye su kusa da juna a wurin haske. Ku duba wanne ya sāke launi, gobe ku zo ku gaya wa malaminku abin da kuka gani.