Sabon Obin, Tsohuwar Waya

Gidaje da dama a Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda sun mallaki obin na lantarki, musamman inda uwargida ke gasa kek na sayarwa. In tsohon ya mutu, sai a sayo sabo a jona shi inda na da yake. Mu masu wayarin nan muka fi ganin ɓarna, domin wayar da ke cikin bango ce ke ɗaukar nauyin, kuma ba a cika tambayar ko za ta iya ba.

Lissafin ba wuya. Wutar da Kaduna Electric ke rabawa bolt 230 ce a ƙa'ida, fis ɗin filogi mai ƙafa uku kuma ba ya wuce amfiya 13, wato kusan wat 3,000. A duba lambar da ke manne a bayan obin. In bai kai haka ba, a ware masa soket nasa shi kaɗai, ban da wayar ƙari. In ya haura, ko ya haɗa da kawunan girki, sai an ja masa layinsa daga akwatin rarraba wuta: yawanci wayar jan ƙarfe mai lamba 6, bireka mai amfiya 32, da makunni kusa da hannu. A kankare bakin wayar tun a shago. In ciki fari ne, alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Wayar ƙasa kuwa, mai kore da rawaya, dole ta kama jikin obin ta isa sandar da aka binne. Ƙasarmu na bushewa ƙayau da rani, sandar ta rage aiki, shi ya sa ake ƙara na'urar da ke katse wuta da zarar ta yi yoyo.

Wani zai ce tsohon ya shekara da shekaru a wannan soket lafiya lau. Sabon na iya fin sa ja, kuma zafin shekarun nan ya riga ya gasa robar waya ya sassauta sukurori. Buɗe soket ɗin: baƙin tabo a gefen rami da warin ƙonanniyar roba sun isa shaida. Wani kuma zai ce wutarmu ba ta da ƙarfi balle ta ƙona wani abu. Gaskiya ne obin na jan kaɗan in wuta ta yi rauni, amma sai ya daɗe a kunne, sakakken haɗi na ta ɗumama, ranar da ta dawo da ƙarfinta kuma nan za ta fara ci.

Batun tsada ma ana kawo shi, amma naɗin waya da bireka ba su kai kuɗin rufin ɗaki ba. A kira mai wayarin da ke da shaidar hukumar NEMSA. Kafin ya taɓa waya, ya kashe layin Kaduna Electric, janareta da sola duka, sannan ya gwada da testa, domin ɗauke wuta ba kashe ta ba ne.