Darasi Na Goma Sha Biyu: Yunanawa Da Ilmin Mantiƙi

A arewa da Masar, a ƙetaren Bahar Rum, akwai wata ƙasa da ake kira Girka. Mutanenta na dā su ne Yunanawa. Babban birninsu shi ne Atina. A can aka yi waɗansu malamai uku da har yau duniya ba ta manta da su ba. Ilminsu shi ake kira falsafa, watau son hikima. Mutane da yawa suna tsoron wannan ilmi, suna cewa ya yi wuya. To, bari mu ɗauke shi a hankali.

Na farko sunansa Sukuratu. Ubansa mai sassaƙar dutse ne. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba, aikinsa tambaya. Yakan shiga kasuwa ya tare mutum ya tambaye shi ma'anar adalci, ko ma'anar jaruntaka. In mutum ya ce adalci shi ne mayar wa kowa abinsa, sai a kawo misali. Abokinka ya ba ka ajiyar takobi, daga baya ya haukace, ya zo karɓa. Za ka ba shi? In ba ka ba shi ba, ka yi zalunci? Nan mai amsa zai ga amsarsa ba ta cika ba, sai ya sake tunani. Waɗansu manyan gari suka ji haushinsa, aka kai shi ƙara, wai yana ɓata samari. Aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba ya mutu a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da shekara kamar 70.

Na biyu almajirinsa ne, Aflatun. Shi ya rubuta hirarrakin malaminsa, ya kuma kafa makaranta a Atina. Na uku Aristo, wanda ya yi shekara 20 a makarantar Aflatun. An haife shi a 384, ya rasu a 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya tsara ilmin mantiƙi, watau ilmin auna magana.

Ga yadda awon yake. A kawo magana biyu, a fitar da ta uku daga cikinsu:

Duk hatsin da ya daɗe a jiƙe yakan ruɓe.
Geron da ke cikin wancan rumbu ya daɗe a jiƙe.
Saboda haka geron nan zai ruɓe.

In biyun farko gaskiya ne, ta ukun ba makawa. Amma ku dubi wannan:

Kowane zakara yana da fiffike.
Angulu tana da fiffike.
Saboda haka angulu zakara ce.

Kowa zai yi dariya. Ina kuskuren? Magana ta farko ba ta ce duk mai fiffike zakara ne ba. Abu biyu suna iya tarayya a kan siffa ɗaya, amma ba su zama abu guda ba.

Wannan ba wasa ba ne. A kasuwar Shinkafi, ko ta Kaura Namoda, mai talla zai ce wane ya sha maganinsa ya warke, don haka kowa ya sha zai warke. Mutum ɗaya ba shi ne kowa ba. Haka kuma in an yi sata a Badarawa, aka ce ɓarawon yana da jar hula, ba duk mai jar hula za a kama ba. Da irin wannan karkataccen awo ake cin kuɗin talaka, da shi ake ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba.

Kada mu ɗauka wannan ilmi baƙo ne a ƙasarmu. A zamanin Halifa Ma'amun, daga 813 zuwa 833, an himmatu ga juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci a Bagadaza. Malaman Larabawa suka sa wa Aristo suna Malami na Farko. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu kan mantiƙi. Malamin da ya wallafa Ahalari, wanda almajiranmu ke karantawa don sanin tsarki da salla, shi ne ya wallafa Sullam, littafin mantiƙi na masu farawa. Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, shi ma ya rubuta a kai. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Salame ya rasu a 1864, ya rubuta littattafan falsafa.

Mu da muke koyon karatu yanzu, wasiƙu da takardu za su riƙa zuwa hannunmu. Ba duk abin da aka rubuta ne gaskiya ba. Mu karanta, mu tambaya, sa'an nan mu auna. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar falsafa?
2. Don me aka kashe Sukuratu?
3. Ina kuskuren maganar angulu da zakara?
4. Ku kawo misali ɗaya na karkataccen awo da kuka taɓa ji a kasuwa, ku rubuta shi cikin layi uku.